Yadda na kai munduwar ƙirga taku wurin baduku

A ƙarshen 2014 ƙanena da ke karatu a Malesiya ya zo hutu, cikin tsarabar da ya kawo mini har da wata baƙar munduwa ta roba. Ya san likita ya ce jinina ya fara hawa, in riƙa tafiyar ƙafa. Ya kuma san halina: daga gida a unguwar Mabera ta Sakkwato sai mota, daga mota sai kujerar ofis, in an tashi sai majalisa har isha'i. Da ya miƙo mini ita sai ya ce, "Yaya, wagga ba ta ƙarya, kullum sai ta hwaɗa ma iyakar tahiyad da kay yi."

Ba ta da fuska, ba ta nuna lokaci. Ainihin na'urar wata 'yar ƙwaya ce da ba ta kai tsawon rabin yatsa ba, ana cusa ta cikin wani aljihu a jikin robar, a zaro ta in za a yi caji. A samanta akwai 'yan fitilu, in ka ƙwanƙwasa da yatsa su kama, yawan waɗanda suka kama shi ke nuna maka inda ka kai a tafiyar ranar. Da irin wannan tsari Fitbit Flex ta fito a 2013, Xiaomi ta biyo baya da Mi Band a 2014 a kan yuwan 79 kacal na kuɗin China, ƙananan kamfanoni kuma suka yi ta kwaikwaya. Tawa ta ɗaya daga cikin ƙananan nan ce. A cikin ƙwayar ba wani abu mai yawa: batir, ɗan injin da ke girgiza, Bluetooth, sai na'urar jin motsi da ke auna jijjiga ta fuska uku, sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama. Ba ta san kana da ƙafa ba. Lilon hannu take ji, ta yi kirdadon cewa taku ne.

Haɗa ta da waya shi ya fara cin lokaci. Irin waɗannan na'urori da Bluetooth mai ƙarancin cin batir suke aiki, wanda ya zo tare da Bluetooth 4.0, wayoyin Android kuwa sai daga Android 4.3 suka fara gane shi. Wayata ta girmi hakan. Yaron wani shago a Bello Way ya jujjuya ta, ya danna nan ya danna can, ya ce, "Alhaji, sai dai a canza waya." Haka tsaraba ta jawo mini sayen sabuwar waya.

Manhajar ta tambayi tsawona da nauyina da shekaruna, don da tsawo take kimanta faɗin taku, da nauyi kuma take lissafin kuzarin da jiki ya ƙona. Sai ta kafa mini taku 10,000 a rana ba tare da ta nemi shawarata ba. Wannan adadi daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali, wadda kamfanin Yamasa ya fitar a Japan a 1965, ba daga wurin likitoci ba. A 2019 wani bincike da Dakta I-Min Lee ta jami'ar Harvard ta jagoranta a kan tsofaffin mata ya nuna amfanin tafiya ga lafiya ya fara bayyana tun daga wajen taku 4,400, ya daina ƙaruwa sosai a wajen 7,500. Amma a lokacin ni dai fitilu nake bi, in ba su cika ba sai in ji kamar ana bina bashi.

Tambaya ta ƙarshe ita ce a wane hannu zan ɗaura. Masu yin ta sun fi son hannun da ba ka cika aiki da shi ba, wato hagu ga yawancin mutane. Mu kuwa hagu hannun tsarki ne. Na fara da dama saboda haka, sai lissafi ya rikice. Ranar Asabar ɗin da na zagaya ɗaurin aure, musabaha kaɗai ta tara mini taku mai yawa alhali a mota na yini. In na hau kabu-kabu a hanya mai ramuka, ina zaune tana ƙirga. Uwargida ta ara ranar da za ta daka yaji, kafin azahar fitilu sun cika, ba ta ko taka ƙofar gida ba. A ɗaya gefen kuma, in na riƙe hannun yaro za mu masallaci, ko na ɗauko leda mai nauyi, hannun ba ya lilo, sai ta ci mini haƙƙi. Na mayar da ita hagu, in zan shiga bayi in tura ta sama.

Da hunturu ban ga aibinta ba. Ba ta da nauyi, sai ka manta tana nan. Ƙura dai tana manne wa roba, baƙar ta koma toka-toka kafin magariba, kuma takan kama hannun kaftani in shaddar ta sha sitati. Abin da ya fi burge ni shi ne tashin asuba: girgiza take yi a tsintsiyar hannu ba ƙara, ka tashi ba ka tashi jariri ba. Bayan salla in nufi wajen filin wasa na Giginya in zagaya kafin rana ta ɗaga.

Alwala ita ta fara nuna mini inda gizo ke saƙa. Maɗaurin ba irin na agogo ba ne. Wasu 'yan ƙusoshi biyu ne da ake danna su cikin hudojin robar, kuma da hannu ɗaya za ka yi, ɗayan ai shi ake ɗaure wa. Sai ka kife hannunka a kan cinya, ka matsa da babban yatsa har ya yi ciwo kafin su shige. In sau ɗaya a mako za ka yi haka, in caji ya ƙare, ba komai. Amma mai alwala dole ruwa ya kai fatarsa har gwiwar hannu, sau biyar a rana in bai riƙe alwala ba, wani lokaci fiye. Abin da ya matse hannu ko dai ka cire shi, ko ka motsa shi ruwa ya shiga ƙarƙashi. Ka tsuguna a gaban masallaci da buta, an tada iƙama, wani na tsaye yana jiran butar, ba lokacin kokawa da ƙusa ba ne. Sai na koma barin ta a hannu, in juya ta ruwa ya ratsa. Roba kuwa ba ta shan ruwa, ba ta barin iska ta wuce. Ruwan da ya shiga ƙarƙashinta nan yake zama. Da hunturu iska busasshiya ce, kafin a idar da salla ya bushe, shi ya sa ban lura ba.

Da bazara ta kama, wajen watan Maris, labari ya sha bamban. Wanda ya san Sakkwato ya san yadda zafi ke haura digiri 40 ya zauna a can har damina ta faɗi, ga wuta ba tabbas. Gumi da ruwan alwala da ragowar sabulun wanka da ƙura suka riƙa taruwa a ƙarƙashin robar, har cikin aljihun ƙwayar, in ka zaro ta sai ka ga danshi da wani ɗan wari. Farko ƙaiƙayi, sannan ja ya zagaye hannun daidai faɗin robar, sannan ƙananan ƙuraje, fata ta fara saɓa.

Likitan da na nuna wa ya ce in cire ta sai wurin ya warke, ya rubuta mini man shafawa. Ya kuma yi mini bayanin da ya amfane ni daga baya. Ya ce abin iri biyu ne. Akwai wanda danshi da guga ke kawowa, kowa na iya samunsa in fata ta daɗe a jiƙe a rufe. Akwai kuma wanda jikin mutum ne ba ya jituwa da wani sinadari, galibi ƙarfen nikel da ake haɗawa cikin ƙarfen agogo da ɗan kunne, ko gam ɗin da aka manne kayan da shi. Na biyun yakan fito daidai inda ƙarfen ke taɓa fata, kuma in jiki ya riga ya koyi ƙin sinadarin ba ya mantawa. Nawa ya bi robar ko'ina ne, ba wurin ƙusoshin kaɗai ba, don haka ya fi karkata ga danshi.

A kwanakin da hannun ke warkewa na shiga karance-karance, sai na ga ashe har a ƙasashen sanyi an sha fama. Fitbit ta fitar da wata mai suna Force a watan Oktoba na 2013, kafin ƙarshen Fabrairun 2014 ta janye ta daga kasuwa. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta ce an samu ƙorafi wajen 9,900 na ƙaiƙayi da kumburin fata, da wajen 250 na bororo, cikin guda kusan miliyan ɗaya da aka sayar a Amurka da 28,000 a Kanada. Shugaban kamfanin, James Park, ya ce kashi 1.7 cikin ɗari na masu amfani da ita ne suka kawo kuka, aka kuma alaƙanta abin da nikel da gam. Shawarar da aka riƙa bai wa mutane bayan haka ita ce a tsabtace ta, a bar ta a bushe, kar a matse, a riƙa cirewa hannu ya huta. Shawara ce mai kyau, sai dai ta ci karo da abin da aka tallata tun farko, wato ka ɗaura ka manta, dare da rana, har wanka da barci.

A ganina wannan tunani na ɗaura-ka-manta shi ya haifar da yawancin matsalolin ƙirar farko. Nike+ FuelBand ta 2012, mai dala 149, ƙaƙƙarfan zobe ce da ba ta lanƙwasa, bakin cajinta na USB a cikin makullinta yake, in ba ta yi maka daidai ba sai ka ƙara mata wani ɗan guntu na milimita 8 ko 16. Jawbone UP, wadda Yves Béhar ya zana, ba ta da makulli sam, naɗe hannu take yi bakinta biyu su haɗe, girma uku aka yi ta. Wannan da ta dace da mai alwala, don zarewa kawai za ka yi, amma ba ta da ko fitilar ƙirga, sai ka cire mata 'yar hula ka soka ta a ramin abin sauraro na waya kafin ka san tafiyarka. Ta farkon, ta Nuwamban 2011, batirinta ya riƙa mutuwa har shugaban kamfanin Hosain Rahman ya sanar a watan Disamba cewa za a mayar wa kowa kuɗinsa. Garmin vívofit ta 2014 ta zo da abin da mu ya fi yi mana amfani, batir irin na agogo da ke shekara guda ba caji, amma ita ma ƙusoshi ne maɗaurinta. A farkon 2015 Fitbit Charge HR ta zo da maɗauri mai harshe irin na agogon kowa da kowa, abin da masu agogo suka daɗe da warwarewa.

Na gwada jefa ƙwayar a aljihu. Ba laifi ba ne a ƙa'ida, don Fitbit ta farko ta 2009 ma a ƙugu ko bakin aljihu ake maƙala ta, kuma abin da ke kusa da ƙugu ya fi na hannu ƙirga daidai. Amma aljihun gefe na kaftani lilo yake yi da kansa, tashin asuba ya tafi, ga fargabar kar ta bi kaya zuwa wurin mai wanki.

Gyaran gafakar mahaifinmu ya kai ni wurin wani tsohon baduku a cikin gari, ƙwayar tana aljihuna. Ina kallon yadda yake ɗinki sai na ciro ta na nuna masa. Ya karɓa ya juya, ya ce, "Malam, wanga mi na na?" Na ce, "Baba, na'ura ta, tahiya taka ƙirgawa, robad da aka sa ta ciki ita ka cin hannuna." Ya yi dariya ya ce, "To ai wanga ɗunkin kambu na, tun kakanni muna yin shi."

Mun fara da zaɓen fata. Ya fito da ta akuya, jemammiya da bagaruwa kamar yadda majeman garin nan suka gada, irin fatar jar akuyar Sakkwato da aka riƙa kaiwa arewa ta hamada har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Ni ja na so, mai rinin karan dafi, don ta fi kyau. Ya ce a waje a yi ja in ina so, amma ɓangaren da zai kwanta a kan fata sai wadda ba a rina ba, domin gumi na sakin rini, in shafa hannu a farar shadda in yi kuka da kaina. Saboda haka ninki biyu aka yi: ja a sama, farar jima mai laushi a ƙasa, ya kankare ta da wuƙa har ta yi siriri.

Ya auna hannuna da zare, ya sa yatsansa tsakanin zaren da fata, ya ce wannan tazarar ta iska ce. Ni kuma na ba shi sharuɗɗa uku da suka shafi na'urar. Kar a sa ƙarfe ya lulluɓe ta, don ƙarfe na tare Bluetooth. Kar ta yi rawa a cikin gidanta, don duk wani kaɗawa taku za ta ɗauke shi. Sannan a bar mini hanyar zaro ta in yi caji, da wurin da zan ga fitilu.

Na biyun shi ya fi wuya. Ɗinkin farko ya yi sako-sako, in ka kaɗa hannu kana jin ƙwayar na motsi, da na gwada taku ɗari a lungun gidansa sai ta ƙara mini da yawa. Bai yi musu ba. Ya sassaƙa wani ɗan ice daidai girman ƙwayar, ya jiƙa fatar, ya naɗe icen da ita ya matse, ya ɗinke a jiƙe, ya ajiye a inuwa. Fatar da aka jeme da bagaruwa in ta bushe a kan abu siffarsa take ɗauka ta riƙe. Ya ƙi yarda a shanya a rana, ya ce bushewar gaggawa na sa ta tsage. Da na dawo ya zare icen, ƙwayar ta shige cif, sai ka tura ta da yatsa daga ɗaya gefen kafin ta fito. Bakin aljihun ya bar shi ta gefe, ba ta ƙasa ba kamar na robar, don haka gumi ba ya samun hanyar shiga. Ya huda 'yan ramuka a sama daidai fitilun. Da rana tsaka ba a ganinsu sosai sai ka kare da tafin hannu, amma na robar ma haka yake a ranar Sakkwato.

Maɗaurin kuwa wurin mai gyaran agogo na samo shi, na wani tsohon agogo da ya mutu. Baba ya ɗinka shi, ya bar wani ɗan harshen fata a ƙarƙashinsa yadda ƙarfen ba zai taɓa jikina ba, ko da a ce nikel ɗin ne. Ya huda ramuka kusa-kusa, domin hannu na kumbura kaɗan da zafin rana ya saki da dare, kana bukatar rami ɗaya na safe ɗaya na yamma. Da zan tafi ya ce, "Kak ka bari ruwa su zauna mata. In ta bushe ka shahwa man kaɗe kaɗan." Kuɗin aikin duka bai kai abin da nake kashewa a data a wata ba.

Na sake gwajin taku ɗari a hanya mai kyau, bambancin bai taka kara ya karya ba. Girgizar asuba ta ɗan ragu, fata na shanye wani abu daga cikinta, amma tana tashe ni. Wurin alwala kuwa an huta: in ja harshen da yatsa ɗaya, in jefa ta aljihun gaba, in goge hannu bayan na gama, in mayar. Ƙurajen ba su dawo ba har bazarar ta wuce.

Fata ma tana da nata. Ba a wanka da ita, don haka sai ka tuna inda ka ajiye. A makonnin farko in gumi ya jiƙa ta warin jima na tashi, uwargida ba ta ɓoye mini ra'ayinta a kan haka ba. Farar cikin ta yi duhu da sauri. Da damina ta sauka, iska ta yi nauyi da danshi, sai ta daina bushewa cikin dare, na ga alamar fumfuna a wurin ɗinki. Na koma aka yi mini ta biyu, ina sa ɗaya ɗayar na shan iska.

Wannan dabara iyakarta na'urorin da motsi kaɗai suke ji. Waɗanda suka biyo baya, irin su Mi Band 2 ta 2016, suna da koriyar fitila a ƙasa da ke haska fata don auna bugun zuciya, dole gindinsu ya kwanta a jiki, kuma a ɗan matse. Ba a rufe irin wannan cikin gidan fata. Wadda nake sawa yanzu irinsu ce, maɗauri kaɗai aka yi mata na fata, gindinta a buɗe, kuma da bazara nakan cire ta da azahar sai bayan la'asar in mayar.